Dutsen da Na Ƙi Dasawa Bayan Magariba

Duk wanda ya shigo shagon nan neman koyon aikin safiyo, wato awon ƙasa, abin da yake fara zuba wa ido ita ce na'urar nan mai kama da faranti a kan sanda. Ba ya kallon takalmina, ba ya kallon addar da ke jingine a bayan ƙofa. Jiya ma wani cikinku ya ce mini, wai ai Baba Hamman aikinku ya zama banza a yanzu, ka tsaya, ka danna, tauraron ɗan'adam ya gaya maka inda kake, ka naɗe kayanka ka tafi gida. To, madalla. Tunda banza ne, ku gyara zama in ba ku labarin wata rijiya a bayan Sahuda, ta wata baiwar Allah ana ce mata Mama Saratu, da yadda hadarin da ko ɗigo bai zubo mana ba ya shiga tsakaninta da rijiyar. Amma ba za ku gane ba sai na faro muku daga sarƙa.

Aikin farko da na bi maigidana Oga Bitrus, wata gona ce a Mayo Bani. Mutumin Michika ne, gajere, ba ya dariya sai an tashi daga aiki. Kayan aikinmu a lokacin sarƙar ƙarfe ce, da sanduna masu fenti ja da fari, da madubin hange mai ƙafa uku wanda ba a yarda ɗan koyo ya taɓa shi ba sai dai ya ɗauki akwatinsa a ka. Na sare ciyawa tun safe, na ja sarƙa cikin ƙaya har muka kai ƙarshen gonar, na ce alhamdu lillahi. Sai ya ce mu koma. Na ce mu koma ina, Oga? Ya ce mu sake aunowa daga nan zuwa inda muka faro, in na tafiya da na dawowa ba su haɗu ba to ba mu yi komai ba. Wallahi ranar na yi niyyar komawa ɗinki.

Da rana ta take tsaka ya hana mu aiki. Na ɗauka tausayinmu ya ji, ashe ko kusa. Ya kira ni ya ce in leƙa madubin, karo na farko ke nan. Na leƙa na ga sandar da na kafa da hannuna tana rawa kamar tana cikin ruwa. Ya ce sandar tana tsaye, iskar da ke tsakaninmu da ita ce zafi ya sa take motsi, kuma ƙarfen sarƙa ma yana miƙewa in ya sha rana. Ya ce kowane kayan aiki yana da lokacin da yake ƙarya, kuma rabin sana'ar nan sanin wannan lokacin ne. Muka zauna a gindin tsamiya har la'asar.

Masu kawo mana aiki kuwa, sai ku ce an haife su da jin cewa an ci musu taku ɗaya. Na auna wa 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya waɗanda suka daina gaisawa a kan wurin da bai isa a shanya tabarma ba. Na ga wanda ya matsar da dutsen iyaka, ya manta ƙasar da ya tona tana nan ɗanya a gefe, yana rantse mini da iyayensa. A cikin gari irin wannan ba komai, sai ka sake aunawa ka mayar. A ƙauye kuwa akwai wata al'ada da dole ku riƙe. In rigima ta yi tsanani har aka tara dattawa, ba a dasa dutse haka kawai. Liman zai yi addu'a a kansa, in akwai Kirista a cikin maganar fasto ma zai yi tasa, a raba goro, kowa ya shafa. Daga nan dutsen ya fita hannunka. Ko kai da ka dasa ka dawo ka ce ka yi kuskure, ba mai barinka ka taɓa, don a wurinsu wanda ya tumɓuke shi addu'ar ya tumɓuke.

Bayan rasuwar Oga Bitrus na sayi na'urar GPS, irin mai guda biyu. Mu muna ce musu uwa da 'ya. Uwar za ka kafa a kan wani tsohon dutsen gwamnati da aka san lambarsa, ta zauna a nan tana sauraron taurarin ɗan'adam. 'Yar kuma ita kake yawo da ita a kan sanda, ita ma tana sauraro, uwar tana gyara mata lissafi ta rediyo. In sun daidaita sai allon ya nuna kore. Aikin da muke kwana muna yi da sarƙa sai ga shi kafin azahar an gama. Ni ma a lokacin na yi irin bakinku, na ce an huta.

Sai ga wata shekara da ba na son tunawa. A Kolere ta fara mini, wajen raba wasu fulotai. Hanya ta ɓata mana lokaci, laka har gwiwa, aiki ya kai mu bayan magariba. Ina tsaye wuri ɗaya, sanda a kafe, lamba tana tafiya. Kore ya zo, ya ɗauke, ya dawo da wata lamba daban. Washegari da safe lafiya lau. Bayan kwana kaɗan ta sake, ita ma da yamma. Na canza batir, na canza waya, na aika da ita Kano aka buɗe aka ce ba abin da ya same ta, na sake aikawa aka sake faɗin haka. Kafin ta dawo magana ta zaga gari cewa na'urar Hamman tana da iska. Masu ba ni aiki suka koma wajen wasu. Daminar nan da tef ɗin awo da tsohon madubin Oga Bitrus na ci abinci, shi ma da ƙyar.

Wadda ta warware mini wata malama ce mai binciken sararin sama, Dakta Hauwa. Ta zo kafa wata eriya a kan rufin wata makaranta, tana son a auna mata wurin daidai. Muna kan rufin na yi mata ƙorafin na'urata, don a lokacin ko mai sayar da rake na samu sai na yi masa. Ba ta tambaye ni kamfanin da ya ƙera ta ba. Cewa ta yi, da wane lokaci take yi? Na ce bayan magariba. Ta ce da safe fa? Na ce da safe kamar malamar makaranta. Ta yi dariya ta ce to na'urarka ƙalau take, abin da yake damunka shi ya kawo ni Mubi.

Ta nuna mini gabas, inda hadari ya taso a kan duwatsun iyakar Kamaru, ya yi tsiri har sama. Ta ce hadari irin wannan yana tunkuɗa iska sama da ƙarfi. Iskar da aka tunkuɗa ta fi wadda ta tarar nauyi, sai nauyinta ya dawo da ita ƙasa, ta zarce, ta sake tasowa, tana lilo. Wannan lilon yana bazuwa kamar yadda ruwan mayo, wato kogi, yake yi in saniya ta faɗa ciki, sai dai shi har sama yake hawa. Iskar da ta bugi dutse ta haye shi ma tana haifar da irinsa. Ta ce saboda nauyi ne yake mayar da iskar, shi ya sa suke kiransa igiyar nauyi. Kuma yayin da yake hawa iska tana ƙara sirancewa, sai lilon ya ƙara girma, abin da ya faro kaɗan a kan Sahuda ya isa can ya zama babba.

Na ce can ina? Ta ce can sama nesa, sama da inda jirgi yake bi, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana yake cika shi da lantarki. Duk saƙon da tauraron ɗan'adam ya aiko wa na'urata sai ya ratsa ta cikinsa. In rufin yana kwance lafiya, jinkirin da yake sa wa saƙon kusan ɗaya ne a wajen uwa da wajen 'ya, sai lissafi ya share shi. Amma da faɗuwar rana, musamman a yankinmu, ƙasan rufin yakan zama kamar tulun da aka ɗora a bakin dakali, jira kawai yake a taɓa. In igiyar nan ta iso ta taɓa shi sai ya yayyage, ramuka su buɗe su yi sama, saƙo ya shigo ciki ya tarwatse. Ta ce ba kowane hadari ba, ba kowace yamma ba, su ma har yanzu bincike suke yi. Kuma rana tana da shekarun da take zafin rai, a cikinsu abin ya fi muni, shekarar nan tawa tana ciki.

Na tsaya ina kallon hadarin. Abin da ya faɗo mini shi ne sandar nan mai rawa a Mayo Bani. Na ce mata, ashe zancen Oga Bitrus ne, sai dai shi tasa iskar tana tsakanina da sanda, taki tana tsakanina da tauraro. Ta ce ba ta san Oga Bitrus ba amma ta yarda da shi. Tun daga ranar na sa wa kaina doka, aikin iyaka da safe, in rana ta faɗi a naɗe kaya.

To, mu zo kan rijiya. A wani ƙauye bayan Sahuda akwai burtali, hanyar shanu, tsohuwa tun ta zamanin da, an auna ta an sa mata duwatsu. Ruwa ya tafi da wasu, wasu kuma Allah kaɗai ya san wanda ya tafi da su. Gonaki suka matso, shanu suka shiga amfanin gona, har aka fasa wa wani kai. Aka kira ni in mayar da duwatsun bisa lambobin tsohon awo. Duk tsawon burtalin ba inda ya fi zafi kamar kusurwar Mama Saratu. Bagudiya ce, 'yar wata ƙabila ta yankin nan, mijinta ya rasu, shi ya haƙa mata rijiya a ƙarshen gonar da hannunsa. Da ruwanta take lambun rani, yakuwa da alayyafo da tattasai, da shi take riƙe jikokinta. In layi ya bar rijiyar a gonarta, za ta ci gaba da shinge ta. In ya jefa ta cikin burtali, shinge ya haramta, lambu ya ƙare. Tsakanin biyun kuma taku kaɗan ne.

Na ce da Jauro, mai garin, a tara mutane da safe. Ya ce da safe kowa yana gona, Ardo Buba kuma, shugaban makiyayan, sai ya sallami shanu. Aka sa la'asar. Na ce to, la'asar ma ta yi. Uwar na'ura na bar ta nesa, wajen gari, a hannun abokin aikina, don dutsen gwamnati na kusa an fasa shi. Na iso da wuri. Mama Saratu ta kawo mini kunun gyaɗa a kwano, ta zauna tana ba ni labarin yadda mijinta ya sha wuya da wani dutse a cikin rijiyar. Ba ta roƙe ni komai ba. Ina shan kunun ina kallon gabas, hadari ya haɗu a kan duwatsu tun azahar, baƙi ƙirin, yana walƙiya can nesa. Mutane suna cewa ya wuce mu, ba zai zo ba.

La'asar ta yi babu Ardo, mashin ɗinsa ya maƙale a laka. Da ya iso sai gaisuwa, sai jawabi. Kun san mutanenmu, kowane dattijo sai ya faro daga kakansa. Aka kira magariba ba a fara ba. Aka yi salla, fasto da mutanensa suna jira a gindin mangwaro. Da aka idar duhu ya fara, na ce Jauro a bari sai gobe. Ya ce haba Malam Hamman, ka san wahalar da na sha kafin in zaunar da mutanen nan wuri ɗaya? Ga siminti an kwaɓa, ga goro, ga liman ga fasto. Kusurwa ɗaya ce, ka duba mana. Na ce zan duba, amma ban yi alkawarin dasawa ba.

Na kunna. Aka haska mini da fitilun waya. Allo ya yi ta shawara, can sai kore. Na bi lamba har ta kai ni wani wuri, na soka turke. Wurin ya bar rijiya a cikin gonar Mama Saratu. Matan da ke bayanta suka fara guɗa. Ardo Buba ya zo ya duba turken, ya duba rijiyar, ya ce in nan ne su sun yarda, ba su da ja. Liman ya gyara tsayuwa. Ni kuwa idona yana kan allo, don sanda ba ta motsa ba amma lamba ta fara tafiya. Kore ya ɗauke. Ya dawo ya ce in matsa wajen rijiya. Ya sake ɗaukewa, ya dawo ya ce in koma baya. Na kira abokin aikina a waya, ya ce ita ma uwar taurari suna ɓace mata suna dawowa.

Na sunkuya na zare turken.

Kai, ranar na ji maganganu. Wani ɗan'uwan mijin Mama Saratu ya ce a gaban kowa an saye ni, na'ura ta ba su gaskiyarsu na zare. Wani ya ce dama an ce kayan nawa suna da iska. Na yi ƙoƙarin bayani, na nuna musu hadarin, na ce shi ne ya girgiza sama, saman kuma ta girgiza saƙon. Wani ya ce hadarin da ko yayyafi bai yi mana ba? Suka yi dariyar da ba ta daɗi ba. Jauro ya ja ni gefe ya ce Ardo ya yarda, ita ta yarda, ni mene ne nawa? Na ce ranka ya daɗe, burtalin nan ba na Ardo Buba kaɗai ba ne, shanu daga nesa suke bin sa, kuma wata rana wani safiyo zai zo da safe ya auna. In ya tarar da dutsen da aka yi wa addu'a a inda ba wurinsa ba, ba mai iya cire shi, ba mai iya barinsa, kan da za a fasa ba ɗaya ba ne. Kuma ni ban san inda gaskiyar za ta faɗi ba, na dai san ba wannan ba ce.

Mama Saratu ce ta kashe hayaniyar. Ta miƙe ta ce da 'yan'uwanta, da irin Hausarta, "Ku bar shi. Ni ba na so dutse wanda zai yi tafiya. Gobe ya zo ya sa mai zama." Aka watse, siminti ya bushe a banza.

Da sassafe na dawo. Sama wasai, kore ya zo nan da nan ya zauna, ko gezau. Na bi lamba. Na kashe na'ura na sake kunnawa, ta mayar da ni wuri ɗaya. Na ɗauko tef na auno daga wani tsohon dutse da ya tsira a sama da gonar, na je na dawo yadda aka koya mini, duk suka haɗu. Layin ya bi ta cikin lambun. Rijiya ta faɗa burtali.

Na soka turke, aka sake tara mutanen jiya. Mama Saratu ta zo ta tsaya a kan turken, ta daɗe tana kallonsa.

"Safiyo, jiya ya ba ni, yau ya karɓa. Wanne ne gaskiya?"

Na ce, "Na yau, Mama."

"Ka sani tun jiya?"

"Ban sani ba. Na san na jiya ba a tsaye yake ba, shi ke nan."

Ta gyaɗa kai. Da aka kawo dutsen ita ta riƙe shi da hannu biyu don kada ya karkace, aka zuba siminti. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi, ta ce amin a duka biyun. Ardo Buba ya ƙi karɓar goro don tausayinta, ya ce ta ɗebi ruwa duk lokacin da take so, ba mai hana ta. Amma shinge ba shi da ikon bar mata, kowa ya sani. Na yi aiki mai yawa a rayuwata, ban taɓa jin baƙin cikin awon da ya fita daidai ba sai ranar. Kwanon kununta yana nan a gindin mangwaro inda na ajiye shi jiya.

Rikicin wurin ya kwanta, dutsen yana nan har yau. Lambun bai kai rani na gaba ba. Yanzu Mama Saratu gyaɗa take soyawa tana kawowa kasuwa, tana zama kusa da masu tattasai. Ina bi ta wajenta in saya ko ba na bukata. Kwanakin baya na tsaya, hadari ya taso a gabas kamar na ranar nan, ta ɗaga kai ta dube shi, ta dube ni.

"Safiyo, yau ma sama zai yi rawa?"

Na ce wataƙila, Mama, sai bayan magariba.

"To ka zo bayan magariba ka auna mini."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ƙara mini gyaɗa a leda. Na karɓa, na yi godiya, na kasa taya ta dariyar.